Koyar da Lissafin Yaɗuwar Annoba a Ajin Sakandare: Jagora ga Malamanmu na Legas

Duk ɗalibin da ya iya ninka lamba ya kuma iya raba ta ya mallaki abin da zai fahimci yadda annoba ke tashi, ta kai ƙololuwa, ta faɗi. Ba sai ya shiga jami'a ba. Matsalar ita ce yawancin masu koyar da wannan fanni daga ƙarshe suke farawa: su cika allo da haruffan Girka, yara su kwafa, a tashi babu wanda ya san me aka ce. Tsarin da ke ƙasa ya bi ta ɗaya hanyar. Yara za su fara buga annobar da kansu a cikin aji, sannan su lissafa ta da fensir, sai daga baya a nuna musu ƙa'idar da masana suka rubuta. An shirya shi ne don malaman lissafi da na kimiyyar halittu masu koyar da 'yan SS1 zuwa SS3, da masu darasin yamma a Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da sauran unguwannin da yaranmu suke. Zai ci darasi huɗu zuwa biyar na minti 40.

Kayan aikin ba su da tsada: ƙananan takardu masu lamba daidai da yawan 'yan aji, jaka ko hula da za a zuba su, ɗan ludo guda biyu ko uku, takardar giraf, da kalkuleta. Waya mai Google Sheets ko Excel za ta yi amfani a mataki na biyar, amma ko babu ita darasin zai tafi.

Mataki na farko: ku bar ninki ya ba su mamaki

Kada ku ambaci wata ƙa'ida tukuna. Ku ce musu mutum ɗaya ya shigo gari da cuta, kuma duk wanda ya kamu yana sa wa mutum 2 kafin ya warke, cikin mako guda. Ku tambaye su sabbin masu kamuwa nawa za a samu a mako na 10, kowa ya rubuta hasashensa a takarda kafin a taɓa kalkuleta. Za ku ga 20, za ku ga 50, mai ƙarfin hali ya rubuta 200. Sai a jera tare a allo: 2, 4, 8, 16, har a kai 1,024. A mako na 20 an kai 1,048,576.

Daga nan ku canza lamba ɗaya kawai. Idan kowa na sa wa mutum 3, mako na 10 zai ba da 59,049. Idan 1.5 ne, wato mutum biyu suna sa wa uku, kimanin 58 ne kacal. Idan kuma 0.8 ne, kuka fara da marasa lafiya 100, a mako na 10 saura wajen 11. Wannan lambar, matsakaicin adadin mutanen da mai cuta ɗaya ke sa wa a garin da babu mai kariya, ita ake rubutawa R0. Iyakarta 1 ce: in ta haura 1 cuta na bunƙasa, in ta gaza 1 cuta na mutuwa da kanta. 'Yan SS2 za su gane cewa wannan shi ne jerin lambobi masu ninkuwa da manhajar WAEC ke kira GP, kuma yana da kyau ku faɗa musu haka, don su san ba a fita daga karatun jarrabawa ba.

Kafin a tashi ku ɗana musu tarko. Ku ce su ci gaba da ninka 2 har mako na 25. Amsar ita ce 33,554,432, ta wuce yawan mutanen Legas ko da an ɗauki ƙiyasin da ke cewa sun haura miliyan 20. To ina cutar za ta samo sauran mutanen? Ku bar su su tafi gida da tambayar.

Mataki na biyu: wasan jaka da ɗan ludo

Nan ne zuciyar darasin, kada a yi masa gaggawa. Mu ɗauka ajin na da ɗalibai 40. Kowa ya karɓi lamba daga 1 zuwa 40, a zuba kwafin lambobin a jaka. Kowa na zaune a kujerarsa, mai lafiya ne. A zaro lamba ɗaya, mai ita ya miƙe tsaye: shi ne ya shigo da cutar.

A kowane zagaye, duk wanda ke tsaye zai zaro lamba sau 4, yana mayar da kowace cikin jaka kafin ya zaro ta gaba. Waɗannan su ne mutanen da ya yi hulɗa da su a makon. Kowace lamba ya zaro sai ya jefa ɗan ludo. In ya faɗi a 1, 2 ko 3, cuta ta wuce zuwa ga mai lambar. In ya faɗi a 4, 5 ko 6, mai lambar ya tsira. Amma cutar ba ta kama kowa sai wanda ke zaune a kujera. In lambar ta wanda ke tsaye ce, ko ta wanda ya riga ya warke, ko ta wanda aka riga aka sa wa a wannan zagayen, jifar ta tafi a banza. Idan zagaye ya ƙare, waɗanda suka yi shi a tsaye sun warke, su koma bayan aji su jingina da bango, ba za su sake kamuwa ba. Sabbin da suka kamu su miƙe. A naɗa ɗalibi ɗaya magatakarda, ya riƙa rubuta lambobi uku a allo bayan kowane zagaye: na zaune, na tsaye, na bango.

Hulɗa 4, damar kamuwa rabi, zagaye ɗaya na ciwo: 4 sau rabi sau 1 ya ba da 2. Ke nan R0 na wannan cuta 2 ne, kuma yara sun ga sassa ukun da suka haɗu suka haife ta. Ku rubuta sassan a gefen allo ku bar su a can, za a dawo kansu.

Abin da zai faru galibi shi ne masu tsayuwa su yi ta ƙaruwa na wasu zagaye, sai a fara jin yara suna cewa "ai wannan yana bango", "wannan ma ya warke", jifa na ta lalacewa, har a kai zagayen da babu kowa a tsaye. Kuma za a tarar da wasu a zaune, cutar ba ta taɓa su ba, galibi wajen kashi ɗaya cikin biyar na ajin, wani lokaci sama wani lokaci ƙasa. Ku tambayi ɗaya daga cikinsu: "Ke Hauwa, me ya cece ki?" Amsar da ake nema ita ce ba dabararta ba ce, waɗanda suka riga ta warkewa ne suka shanye jifar da za ta same ta. Wannan ita ce amsar tarkon jiya.

Ku buga wasan aƙalla sau uku. Babu biyun da za su fito iri ɗaya. Wani lokaci ma mutumin farko zai jefa sau huɗu bai sa wa kowa ba, annoba ta mutu tun ba ta tashi ba. Damar hakan ɗaya ce cikin 16. Idan ta faru kada ku ɗauka wasan ya lalace, ku ce su rubuta, domin haka take faruwa a zahiri: ba duk cutar da ta shigo gari ce ke zama annoba ba.

Abu biyu na kiyayewa. Ku ƙirƙiro wa cutar wasan suna na raha, kada ku kira ta kwalara ko mashaƙo, don a cikin aji ba a rasa wanda aka yi wa rasuwa a gida, kuma yaro ba ya mantawa da laƙabin da abokai suka liƙa masa. Na biyu, akwai nau'in wasan da ake yi da musabaha, amma zaro lamba ya fi dacewa da ajin da ke haɗe maza da mata, ya kuma fi kiyaye ƙa'idar lissafin, tunda a musabaha kowa abokinsa yake nufa.

Mataki na uku: rukuni uku da jadawalin fensir

Yanzu ne za a raɗa wa abin suna. Na zaune su ne S, masu iya kamuwa. Na tsaye su ne I, masu ɗauke da cutar suna yaɗa ta. Na bango su ne R, waɗanda suka fita daga lissafin yaɗawa, ko sun warke ko sun rasu. Wannan shi ne samfurin SIR, wanda ya samo asali daga aikin da masana biyu na Sikotilan, William Kermack da Anderson McKendrick, suka wallafa a 1927. McKendrick likitan soja ne da ya yi aiki a Indiya, Kermack kuma masanin kimiyyar sinadarai ne da ya makance sakamakon haɗari a ɗakin gwaji a 1924, shekara uku kafin aikin ya fito. Yara na son jin wannan, kuma ya cancanci a faɗa.

Ku ba su unguwa mai mutum 1,000, da marasa lafiya 10, masu lafiya 990. Ƙa'idar layi ɗaya ce: sabbin masu kamuwa a mako mai zuwa daidai suke da 2 sau I sau S, a raba da 1,000. Sashen "S a raba da 1,000" shi ne damar cewa lambar da aka zaro ta wanda ke zaune ce. A ɗebe sabbin daga S, tsofaffin I su koma R, sabbin su zama I. A riƙa mayar da amsa zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, kuma in ta gaza 1 a tsaya. Ga abin da ya kamata su samu, don ku duba aikinsu:

Farko: S 990, I 10, R 0
Mako 1: S 970, I 20, R 10
Mako 2: S 931, I 39, R 30
Mako 3: S 858, I 73, R 69
Mako 4: S 733, I 125, R 142
Mako 5: S 550, I 183, R 267
Mako 6: S 349, I 201, R 450
Mako 7: S 209, I 140, R 651
Mako 8: S 150, I 59, R 791
Mako 9: S 132, I 18, R 850
Mako 10: S 127, I 5, R 868
Mako 11: S 126, I 1, R 873

Kowane layi dole jimillarsa ta zama 1,000. Da haka ɗalibi zai kama kuskurensa ba sai ya kira malam ba. Su zana layukan uku a takardar giraf da launi daban-daban. Layin I zai fito da tudu, irin wanda aka yi ta nunawa a talabijin a 2020.

Akwai tambayoyi biyu da ya wajaba a tsaya a kansu. Ta farko: me ya sa tudun ya juya a mako na 6, alhali cutar ba ta canza ba, mutane ma ba su canza halinsu ba? Ku sa su lissafa 2 sau S a raba da 1,000 a kowane mako. A farko 1.98 ne. A mako na 5 ya sauko 1.1. A mako na 6 ya zama 0.7. Da zarar S ta faɗo ƙasa da 500, mai cuta ɗaya ba ya iya maye gurbin kansa. Wannan lamba mai sauyawa ita ce jami'an lafiya ke bibiya a lokacin annoba, ba R0 ta ranar farko ba.

Ta biyu ta fi muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. In iyakar 500 ce, me ya sa S ta gangara har 126? Saboda a lokacin da aka ƙetare iyakar akwai mutum kusan 200 ɗauke da cutar, kuma ko da kowannensu bai kai ya sa wa mutum ɗaya cikakke ba, jimillarsu na da yawa. Mutum 374 sun kamu bayan an wuce iyakar. Duk ɗalibin da ya ga wannan a jadawalinsa, in wani ya ce masa "a bar cuta ta zaga kowa ya samu kariya", ya san abin da zai tambaya.

Ɗalibi mai kaifin ido zai lura cewa jadawalin ya ba da kashi 87 cikin 100 na masu kamuwa, wasan jaka kuma wajen kashi 80. Dalili shi ne jadawalin bai cire lokutan da masu cuta biyu suka faɗa kan mutum ɗaya a mako guda ba, ya ƙirga shi sau biyu. Ku yaba masa, ku faɗa wa ajin cewa kowane samfuri na da irin wannan sassauci, aikin mai lissafi shi ne ya san inda yake.

Mataki na huɗu: a taɓa lambobin

Ku koma ga sassa ukun da ke gefen allo: yawan hulɗa, damar kamuwa a kowace hulɗa, da tsawon lokacin da mai cuta ke yawo cikin mutane. Ku ce su kawo matakan da suka sani, su ajiye kowanne a ƙarƙashin sashensa. Rufe makarantu da dokar kulle da aka sa wa Legas, Ogun da Abuja daga 30 ga Maris 2020 na rage hulɗa. Wanke hannu da takunkumi na rage damar kamuwa. Gwaji da wuri da killace mara lafiya na rage tsawon lokaci. Malaman Islamiyya na da ƙofa a buɗe a nan: hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla ya kuma hana na ciki fita, a harshen wannan darasi yanke hulɗa ne tsakanin jaka biyu.

Ku raba ajin gida biyu. Rukuni na ɗaya su sake jadawalin da 1.4 a madadin 2, wato an rage yaɗuwa da kashi 30 cikin 100. Za su samu ƙololuwa ta 59 a mako na 8, annobar ta ja har wajen mako 20, jimillar masu kamuwa kuma kimanin 560 maimakon 874. Sai ku ƙara musu sharaɗi na misali: ɗaya cikin goma na masu cutar na buƙatar gado, asibitin unguwar kuma gado 8 gare shi. A jadawalin farko ana buƙatar gado 20 a mako mafi tsanani, a na biyu 6. Ba sai kun yi dogon bayani ba.

Rukuni na biyu su bar 2 yadda take, amma a yi wa mutum 600 allurar rigakafi tun farko, su koma R kai tsaye, S ta fara da 390. Sabbin masu kamuwa za su tafi 8, 6, 5, 4, 3, 2, 1, jimilla 29. Mutum 361 da ba a yi wa allura ba sun tsira saboda na kusa da su. Daga nan ƙa'idar ke fitowa da kanta: kason da ake buƙatar ya samu kariya shi ne 1 a ɗebe 1 bisa R0. In R0 2 ce, rabi. In 3 ce, kashi biyu cikin uku. Ƙyanda, wadda aka saba ƙiyasta R0 ɗinta tsakanin 12 da 18, na buƙatar kashi 92 zuwa 94, shi ya sa ake nufin kashi 95 da allura biyu. Ku sa su lissafa wannan da hannunsu. A ganina wannan ne lissafi mafi amfani da ɗan sakandare zai kai gida, musamman a al'ummar da ta ga abin da dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya jawo, ta kuma ga ɓarnar mashaƙo a 2023. Cutar shan inna ta daji ba a ayyana Afirka ta rabu da ita ba sai 25 ga Agusta 2020.

A sake buga wasan jaka ma: a tura ɗalibai 24 cikin 40 bango tun kafin a fara, a ga ko cutar za ta yi nisa.

Mataki na biyar: a ɗora wa waya wahalar

Wannan gajere ne. A Google Sheets, shafin A mako, B na S, C na I, D na R. A layi na 2 a sa 0, 990, 10, 0, a ɗakin F1 kuma a sa 2. A C3 a rubuta =$F$1*C2*B2/1000, a B3 a rubuta =B2-C3, a D3 a rubuta =D2+C2. A ja su ƙasa layi 30, a sa giraf. Duk lokacin da aka canza F1 tudun zai sauya nan take. Amma kada ku yarda a fara da wannan kafin fensir. Wanda bai sha wahalar layi goma da hannu ba, hoto kawai yake kallo.

Ga 'yan ajin lissafi mai zurfi da suka fara kalkulas, ku nuna musu cewa in aka rage tazarar daga mako zuwa kwana, zuwa awa, jadawalin na komawa dS/dt = −βSI/N, dI/dt = βSI/N − γI, dR/dt = γI, inda N take yawan mutanen gari, β saurin yaɗawa, γ saurin warkewa, R0 kuma β bisa γ. Misalin da aka fi gwada shi da shi ita ce mura mai zafi da ta ɓarke a wata makarantar kwana ta maza a arewacin Ingila a 1978, inda 512 cikin ɗalibai 763 suka kwanta cikin 'yan makonni. Ya dace da samfurin sosai saboda makarantar kwana ta yi kama da jakarmu: ba shiga ba fita, kowa na haɗuwa da kowa.

Mataki na shida: Ebola a Obalende

Legas na da nata misalin, kuma ya fi na Ingila darasi. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed daga Laberiya yana ɗauke da Ebola, aka kai shi asibitin First Consultants a Obalende, ya rasu ranar 25 ga wata. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamar sa duk da matsin lambar da aka yi mata. Ita ma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Gaba ɗaya mutum 20 ne suka kamu a Legas da Fatakwal, 8 suka rasu. Masanan da suka bi sarkar yaɗuwar sun nuna mutum 12 ne suka ɗauka daga Sawyer, waɗannan 12 suka sa wa 5, su kuma 5 suka sa wa 2, daga nan ta tsaya.

Ku ba ɗalibai lambobin huɗu, 1, 12, 5, 2, su fitar da matsakaicin mutanen da mai cuta ɗaya ya sa wa a kowane zango na sarkar. Za su samu 12, sai 0.42, sai 0.4. Sannan su lissafa abin da zai faru da a ce bayan 12 ɗin wannan lambar ta tsaya a 2: bayan zango shida, wato wajen wata uku tunda tazarar zangon Ebola kusan mako biyu ce, sabbin masu kamuwa 768 ne a zango ɗaya. Me ya danne lambar ƙasa da 1 alhali a lokacin babu allurar rigakafin da aka amince da ita? Ma'aikata sun bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, da ziyarar ido da ido kimanin 18,500, ana auna zafin jikinsu har kwana 21, duk wanda ya nuna alama a killace shi. Wato sashe na uku suka kama, tsawon lokaci. Ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar, bayan kwana 42 ba sabon kamu.

Lamba 12 ɗin nan ma abin tattaunawa ce. R0 na Ebola a Afirka ta Yamma a wannan shekarar an ƙiyasta shi tsakanin 1.5 da 2, amma mutum ɗaya ya sa wa 12, akasarinsu ma'aikatan asibitin da suka kula da shi kafin a tabbatar da abin da ke damunsa. R0 matsakaici ne, kuma matsakaici na ɓoye irin wannan.

Mataki na bakwai: ku sa su su kushe samfurin

Darasin da ya tsaya a mataki na shida zai haifar da yaran da ke ɗaukar giraf tamkar duba. Ku keɓe minti 20 su lissafo inda jakar ta saɓa wa Legas. Da kansu za su kawo mafi yawa. A jaka kowa na da dama ɗaya ta haɗuwa da kowa. A gari kuwa kwandastan danfo daga Oshodi zuwa Agege, ko mai sauke tumatir a Mile 12, na haɗuwa da ɗaruruwa a yini, wata tsohuwa kuma ba ta fita ƙofar gida. Gidan haya da iyali goma ke raba banɗaki ɗaya ba daidai yake da gida a Ikoyi ba. Jakar a rufe take, alhali tireloli na shigowa daga Arewa kullum, ga tafiyar Sallah da ke kwashe unguwa guda zuwa gida ta dawo da ita. Akwai cututtukan da mutum ke ɗauka ya yi kwanaki bai fara yaɗawa ba, sai an ƙara rukuni na huɗu tsakanin S da I, samfurin ya koma SEIR. Akwai waɗanda kariyarsu ke gushewa, na bango ya dawo kujera, kamar yadda aka gani da korona. Sannan alƙaluman da NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, ke fitarwa na waɗanda aka gwada ne, ba na duk wanda ya kamu ba.

Wasu cututtukan ma ba daga mutum zuwa mutum suke bi kai tsaye ba. Kwalara, wadda ta sake ɓarkewa a Legas a Yunin 2024, ta ruwa da abinci take bi, don haka samfurinta na buƙatar akwatin ruwa. Tun 1854 John Snow ya nuna haka a Landan da taswirar gidajen da aka yi mutuwa kewaye da famfon titin Broad. Zazzaɓin Lassa na da ɓera a tsakiya. Zazzaɓin cizon sauro na buƙatar jaka biyu, ta mutane da ta sauro, kuma a nan ne Ronald Ross, wanda ya gano a 1897 cewa sauro ke ɗaukar ƙwayar cutar, ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba, a rage shi ƙasa da wata iyaka ya isa. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen wannan tunani a duniya a ƙasar Hausa aka yi shi: aikin Garki, a tsohuwar jihar Kano, yanzu Jigawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976. An yi feshin gidaje, an raba magani ga ƙauyuka, cutar ta ragu sosai amma ba ta yanke ba, kuma daga bayanan da aka tara a can Klaus Dietz da abokan aikinsa suka gina samfurin da har yau ake koyarwa. Ɗan Jigawa da ke zaune a ajinku a Agege ya cancanci ya san wannan.

Aikin gida

Ku ba su zaɓi biyu. Na farko, su ɗauki cuta ɗaya, su zana akwatunanta da kibiyoyin da ke haɗa su, su rubuta mataki ɗaya da za a iya ɗauka a unguwarsu, su faɗi wanne cikin sassa ukun yake taɓawa. Na biyu na masu son ƙalubale ne. A farkon Agustan 2014 saƙo ya zaga wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na kare mutum daga Ebola. Cikin dare ɗaya ya game ƙasa, kuma an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu da suka sha gishirin ya yi yawa. Su gina wa wannan saƙo jadawalin SIR: su wane ne S, su wane ne I, me ke mayar da mutum R, kuma in kowa na tura wa mutum 10 cikin awa ɗaya, uku daga ciki suna gaskatawa su tura gaba, awa nawa zai ɗauka kafin masu turawa a awa guda su haura miliyan ɗaya. Amsar ita ce awa 13, tunda 3 sau kanta sau 12 ta ba da 531,441, sau 13 kuma 1,594,323. A wajen ba da maki ku fi duba yadda ɗalibi ya kare zatonsa da inda ya ce jadawalin nasa zai kauce, fiye da lambar da ya ƙare da ita.